WhatsApp, Telegram ko Signal: wacce za ka sa a sabuwar wayarka?

Da an sayar da riɗi kuɗi sun shigo hannu, magidanta da samari a ƙauyukan Gumel da Maigatari sai sayen babbar waya. A nan shagon ake cewa yaro ya zuba mata manhajoji, ba mai tambayar wa zai iya jin abin da za a faɗa a cikinsu. Ya kamata a tambaya, domin tun Disambar 2020 aka tilasta haɗa layi da lambar NIN, kowane layi da sunan mai shi.

Kira da tes na yau da kullum ba su da kulle. Ƙa'idar da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fitar a 2019 ta ba jami'an tsaro hanyar sauraro ta hannun kamfanonin layi.

WhatsApp ta fi su. Tun 2016 take kulle saƙo yadda daga kai sai wanda ka aika wa, kamfanin kansa ba ya iya karantawa. Ga saƙon murya, wanda ya sauƙaƙa wa iyayenmu da ba su yi boko ba, kuma yana tafiya ko sabis ya yi rauni. Sai dai kamfanin ya san lambarka, ya san da wa kake hulɗa da kuma yaushe. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta ci uwar kamfanin, wato Meta, tarar dala miliyan 220 kan yadda take sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Hirar da wayarka ke ajiyewa a Google Drive, rumbun ajiya na Google, kuwa, sai ka kunna mata nata kullen da hannunka.

Telegram ce ta fi damuna, saboda matasa sun ɗauka ita ce maɓoya. Hirarta ta yau da kullum da duk guruf-guruf ɗinta a rumbun kamfanin suke, ba su da irin wancan kullen, sai hirar sirri ta mutum biyu da ake buɗewa daban. A Satumbar 2024, bayan an kama mai kamfanin, Pavel Durov, a Faransa, sun sanar cewa za su miƙa lambar waya ga hukuma idan ta zo da takardar shari'a. Ta karatu da tura littattafai ce, ba ta sirri ba.

Signal nake zaɓa idan magana ta yi nauyi, kamar rikicin gona ko ƙorafi kan wani mai mulki. Abin da take ajiyewa a kanka kaɗan ne: ranar da ka yi rajista da ranar ƙarshe da ka hau. Aibinta ɗaya, mutanenmu ba sa kanta, sai ka lallashi abokin maganarka ya sauke.

Babu wadda za ta kare abin da ka rubuta a fili. A Nuwambar 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan rubutu guda a Twitter. A guruf ma, mutum ɗaya ya isa ya ɗauki hoton maganarka ya fitar. Kuma ranar da aka katse sabis, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumbar 2021, duk ukun tsayawa suke.

Kowacce ka zaɓa, kar ka bar yaron shago ya buɗe maka wayar da imel ɗinsa. Ka sa wa wayar makulli kafin ka miƙa wa mai caji, ka kunna lambar sirri ta biyu a WhatsApp, kuma duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambobi shidan da aka turo maka, ka kashe wayarka.