Hattara da masu tallar irin sitiroberi mai launin shuɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mata masu ɗan lambu a tsakar gida. Akwai wani mai talla a Facebook da ke cewa yana sayar da irin sitiroberi kala-kala: shuɗi, baƙi, har da mai launin bakan gizo. Don Allah kada kowa ya tura masa ko sisi. Ni ya cuce ni, kuma ba na so ya ƙara cutar wata.

A watan Oktoba na ga tallar. Hotunan gwanin sha'awa, 'ya'yan sun cika tukunya har suna zubowa. Ya rubuta cewa cikin kwana 30 za a fara tsinka, wai ko zafin Kano ba ya hana shi yi. Na tura naira 12,000, sunan da ke kan asusun kuma daban da na shafin. Washegari ya ce sai na ƙara kuɗin mota, na ƙara. Saƙon da na karɓa a tasha 'yar leda ce kamar ƙullin gishiri, babu suna babu takarda. Na haɗa ƙasa da takin awaki a buhuna, na shuka, kullum safe da yamma ina ban ruwa, yara suna leƙawa. Abin da ya tsiro ciyawa ce mai dogon ganye. Da na aika masa hoto, nan take ya toshe lambata.

Matar yayana da ke zaune a Bukuru, kusa da Jos, ce ta wayar mini da kai. Ta ce, "Ke da kin tambaye ni ai da ba a yi haka ba." A ƙauyen Chaha da ke kusa da Vom, inda noman sitiroberi ya yi suna a jihar Filato, dashe manoma suke yi. Uwar tsiron tana miƙa yaɗo a ƙasa, kamar yadda dankalin Hausa yake yi, ƙarshen yaɗon ya yi saiwa, sai a cire a dasa. Ƙwayar irin, wato 'yan ɗigo-ɗigon nan da ke jikin ɗan, tana iya kai mako biyu zuwa huɗu kafin ma ta tsiro, sannan a yi watanni ana jiran fure. To ina maganar tsinka a kwana 30?

Shuɗin sitiroberi kuwa babu shi a duniya. Ja ne aka sauya wa launi da kwamfuta. Akwai fari, amma shuɗi da mai bakan gizo ƙarya ce tsagwaronta.

Sai batun zafi, wanda shi ya fi ɓata mini rai, domin da shi yake yaudarar mutanenmu na Kano da Katsina da Sakkwato. Tsiron nan sanyi yake so. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, shi ya sa yake yi a can, kuma da hunturu ake samun amfaninsa sosai. Mu nan da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, in ma za a gwada, sai dai a dasa a tukunya da shigowar sanyi, a kare shi daga ranar tsaka, ba tare da sa rai da yawa ba.

Mai son gwadawa ta nemi dashe mai rai ta hannun wanda ta sani a Jos. A duba ganyen: uku-uku yake fitowa a kara ɗaya, bakinsa kamar haƙoran zarto, furen yawanci fari ne mai rawaya a tsakiya. Tsiro ne gajere, ba bishiya ba, kuma ba ya hawa bango.

Na kai wa bankina ƙorafi tare da shaidar tura kuɗin, na kuma kai rahoton shafin. Jiya na ga ya sauya suna, amma hotunan nan dai su ne, har da tukunyar shuɗin. Duk wadda ta gani ta kai rahotonsa, ta kuma faɗa wa maƙwabta.