Gargaɗi ga masu wifi a Damagaram: ɓarayin da yake nuna muku, wayoyinku ne

Assalamu alaikum. Duk mai wifi a gida ko shago, musamman masu sayar da tike, ya karanta wannan ya tura wa na kusa da shi. Akwai wani saurayi da ke zagaye cikin Zinder da kwamfuta a jakar goyo, yana cewa shi mai tsaron rezo ne. Kawuna ya faɗa hannunsa a Sabon Gari, na kuma ji an ga irinsa wajen kasuwar Dole.

Bayan la'asar ya zo, ya sayi tike kamar kowa, ya zauna kan benci. Can sai ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ana shan jininka ba ka sani ba." Ya juyo da kwamfutar. Baƙin allo ne, fararen lambobi na gangarowa layi bayan layi: 192.168.1.4, 192.168.1.9, 192.168.1.12. Ya ɗora yatsa yana ƙirgawa har 11, ya ce duk ɓarayi ne, wasu ma daga Kano suke shigowa. Kawu dama ya daɗe yana kukan rezo ba ya gudu da dare, sai magana ta zauna masa daram. Ya biya jika 35, aka ba shi wani ɗan baƙin akwati mai koriyar fitila, wai shi ne zai kore su.

Da na zo da magariba na sa sukurdireba na buɗe akwatin. Cikin cajar waya ne da ƙwan fitila ɗaya, an liƙe su da gam. Ko igiyar da za ta haɗa shi da na'urar wifi babu. Kuran kawai yake sha.

Abin da ya buga a allon nan ba sihiri ba ne. Sunansa ping, tsohon abu ne, tun 1983 wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ya rubuta shi. Aikinsa sallama: ka yi wa na'ura sallama, in tana nan ta amsa. Kowace na'ura da ke kan wifi tana da lambarta, kuma a galibin gidaje lambar ƙarshe, 255, ta kowa da kowa ce. In ka tura sallama zuwa 192.168.1.255, kamar ka tsaya a zaure ne ka ɗaga murya, duk wanda ke cikin gida ya ji. To wa zai amsa in ba mutanen gida ba? Sallamar ba ta wuce na'urar wifi ɗinka, ko maƙwabcinka da ke kan nasa rezo ba ta kai masa, balle Kano. Lambobin da suka fara da 192.168 kuwa na cikin gida ne, ba sa yawo a intanet.

Abin dariyar ma, wannan hanya ragin lissafi take yi, ba ƙari ba. Kwamfuta mai Windows ba ta amsa irin wannan sallamar gayya, Linux ma, wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a yadda yake zuwa shiru yake yi, tun da aka gano miyagu na amfani da ita wajen tara amsoshi su danne rezon wani. Shi ya sa masu aikin gaskiya suka fi duba teburin ARP, wato jerin na'urorin da kwamfuta ta yi magana da su a kan rezon, ko su buɗe shafin na'urar wifi kanta su ga jerin waɗanda ke kai. Ko ta wace hanya ya tara nasa 11 ɗin, jeri ne kawai na abin da ke haɗe. Bai ce wane ɓarawo ne, wane mai gida ba.

Na ce, "Kawu, kashe wifin wayarka." Ya kashe, na sake dubawa, ɓarawo ɗaya ya ɓace. Yaron shago ya kashe tasa, na biyu ya tafi. Sauran su ne talabijin, injin buga takardu, na'urar wifin ita kanta, da masu tike da ke zaune a gabanmu suna kallon ƙwallo. Kawu ya yi shiru, ya cire hula ya mayar.

Wani abin da yake tsorata mutane da shi kuma shi ne na'urorin da ke fitowa babu suna. Tun daga Android 10 da iOS 14, wayoyi na ɓoye lambarsu ta asali da kamfani ya sa musu (ba irin ta 192.168 ba), su ƙirƙiro wata don kowane wifi. Wayar matarka ma tana iya fitowa a matsayin baƙuwa.

Jika 35 ba ita ta fi damuna ba. Don ya "saita" akwatin, ya karɓi kalmar sirrin shafin na'urar, ba ta wifi da ake ba kwastoma ba, ta ciki wadda ke juya komai. Ya canza ta bai faɗa wa kowa ba. Bayan kwana huɗu rezo ya ɗauke, sai ga kiransa: ɓarayin sun dawo da ƙarfi, a aiko jika 10 kowane wata. Ashe yana zuwa bayan shago ne kan kabu-kabu ya shiga shafin na'urar ya toshe rezon da hannunsa. Sai da muka danna ɗan maɓallin baya da tsinke, na'urar ta koma yadda ta fito daga kamfani, muka sake saita komai. Wuni guda Kawu bai sayar da tike ba.

Satar wifi gaskiya ce, ba na musu. Amma maganinta ba ya cin ko dala: juya na'urarka, lambar shafinta na rubuce a jikinta, sau da yawa 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Shiga, canza kalmar sirrin ciki da ta wifi, sa ta kan WPA2, wato nau'in makullin wifi, kashe WPS, wato hanyar haɗa waya ba tare da buga kalmar sirri ba. Wanda ba ya da sabuwar kalma ya fita ke nan.

In saurayin nan ya zo muku, kada ku ba shi kalmar ciki. Ku ce ya tsaya, ku kashe wayoyinku ɗaya bayan ɗaya a gabansa, a sake ƙirga. Mun kai ƙara wurin 'yan sanda da akwatin da lambar da ya kira da ita, lambar dai a kashe take tun ranar.