Likkafar tagulla ko ta alminiyam?

Malam, ka sayi ta tagulla, kada ka tsaya wani dogon lissafi.

Wadda nake hawa da ita ta mahaifina ce, Allah Ya jiƙan shi. Da ita ya yi hawan Sallah shekara da shekaru, ni ma yau na kai hawa goma sha ɗaya da ita. Duk jajibiri nakan zauna zaure da lemun tsami da toka in goge ta, sai ta fito kamar yau aka zuba ta. Sau guda doki ya taka ta a turke, gefe ya lanƙwashe. Na kai ta Maƙera Assada, unguwar maƙera a Sakkwato, maƙeri ya gasa ta, ya bubbuga, ta koma daidai. Halin tagulla ke nan, tana bada kai ba ta karye ba, kuma ba ta tsatsa. Shi ya sa ma da ita ake yin kwanson harsashi, jan ƙarfe kashi 70, tutiya kashi 30, don ta jure matsin wuta. Nauyinta ma amfani ne: tana rataye tsaye, in ƙafarka ta suɓuce cikin sukuwa nan take za ka same ta.

Ta alminiyam na saya wa yarona don araha. Ba nauyi, wannan kam gaskiya ne. Sallah biyu ta yi, ta tsage wurin maratayi.

Ka yi hattara a kasuwa, don akwai masu shafa wa baƙin ƙarfe ruwan tagulla su ce maka aikin Bida ne. Tafi da maganaɗisu a aljihu. In ya kama, aje musu abinsu. In bai kama ba, kada ka saki jiki tukuna, tutiya ma ba ta kamawa. Ka ce a goga magagari ta ƙasa inda ba a gani. In cikin ya fito fari, shafe ne. Mai gaskiya ba zai hana ka gogawa ba.

In kuma zuba maka za a yi, don Allah kada ka yarda da kwanson harsashi da 'yan gwangwan ke kawowa a matsayin tagulla mai sauƙi. Ana samun mai rai a ciki, ya tashi cikin wutar maƙera, ga kuma halin tsaron da jiharmu ke ciki, a same ka da buhunsa ba ƙaramar magana ba ce. Tsofaffin kawunan famfo da kwaɗuna na tagulla sun ishi maƙerinka.