Hot pot a Osu: kai ne mai biya, kai ne kuku

Jama'a duk wanda bai taɓa zuwa cin hot pot ɗin 'yan Chaina ba, ya sani tun yanzu ba wanda zai kawo ma dafaffen abinci. Tukunya ce a tsakiyar tebur kan risho na lantarki, romo na tafasa a ciki, sai a jero ma ɗanyen kaya a faranti faranti, naman shanu da na rago an yanka sirara kamar takarda, jatan lande, awara, kabeji, taliya, tumbi, kai ne za ka dinga tsomawa kana cirewa.

Wurin da muka je a unguwar Osu yake a Accra, ba nisa da Oxford Street, mun taso daga Nima da yamma go slow ya ɗan riƙe mu amma dai mun samu tebur. Tukunyar a rabe take gida biyu, ɓangare ɗaya romon tumatir, ɗayan kuma jan romon nan na yankin Sichuwan na Chaina da barkono ke yawo a kai. To wannan jan romon fa shi ne maganar. Mu da muka tashi da shito, soyayyen yajin nan na Ghana, muna ganin ba yajin da zai ba mu tsoro, ashe nasu daban ne, akwai wasu 'yan ƙwayoyi da suke zubawa waɗanda ba zafi suke ba, leɓe suke kashewa, sai ka ji bakinka na zir zir har ruwan sanyi ma ya canza ɗanɗano. Yayana ya tauna ɗaya bai sani ba, ya yi shiru ya kalle ni ya ce ƙane, anya ba allurar cire haƙori suka sa a miyar nan ba?

Naman kam wlh ya yi daɗi, in dai ba ka bar shi ya daɗe ba, da ya canza kala ka cire in ba haka ba ya yi tauri. Akwai teburin haɗa abin dangwale, riɗi niƙaƙƙe da tafarnuwa da gyaɗa da albasa, ka haɗa yanda ranka ke so. Tsinken cin abincinsu ne ya gagare ni, na ce a ba ni cokali mai yatsu, ba kunya.

Abun da ban ji daɗi ba, akwai naman alade a menu, kuma da muka tambayi yarinyar da ke sabis da ƙashin me aka dafa romon sai da ta shiga kicin ta dawo kafin ta ce na kaza ne. Musulmi dole ya tambaya, dan sau da yawa da ƙashin alade suke haɗa farin romo, ka kuma tambayi inda suke sayo nama. A Chaina kanta Musulmin ƙabilar Hui suna da nasu na halal, da za a samu irinsa a Accra da mutanen zango sun cika shi.

Sai kuɗi. Romo kuɗinsa daban, kowane faranti daban kuma ƙanana ne, kana hira kana cewa a ƙaro har rasit ya zo da harajin VAT da na lafiya (NHIL) da na ilimi (GETFund) a ƙasa. Mun biya da momo, wato kuɗin waya, kowa ya yi tsit. In yunwa ce ta kamaka kai kaɗai, je ka nemi waakye ɗinka, wato shinkafa da wake, nan sai kuna da yawa a raba kuɗin. Kuma kar ka sa babbar rigar Juma'a, ƙamshin romon sai an wanke yake fita.