Sati uku a wani gidan caca na intanet: wasanninsu, dokokinsu da kason da gida ke ci

Ba zan kira sunan gidan ba, kusan dukkansu jirgi daya ya kwaso su, in ka san daya ka san goma. Abin da zan fara yaba musu shi ne shafin yana budewa da sauri ko da netwok ya yi rauni, rajista ba ta dauke ni minti biyar ba, dakunan da ake nuna dila, wato mai raba kati ko juya faifai, kai tsaye a kyamara hotonsu tas yake ba ya yankewa. Wannan kam sun iya. Amma ni ba kyan hoto na je kallo ba, lissafi na je dubawa, kuma tun a shafin farko na lura da wani abu: wasannin da gida ya fi ci a cikinsu su ne aka jera a sama da manyan hotuna masu walkiya, wadanda kuma dan wasa ke da dan sauki a ciki sai ka yi ta gangarawa kasa ko ka rubuta sunansu a wurin bincike kafin su fito.

Bari in fara da rulet, faifan nan mai juyawa da ake jefa kwallo ta fada gurbin wata lamba ja ko baka, don a nan ne kason gida ya fi fitowa fili. Rulet din Turai gurbi 37 gare shi, daga 0 zuwa 36. In ka sa kudi a lamba daya ta fito, ana biyanka ninki 35 sannan a mayar maka da abin da ka sa. To mu dauka ka sa 1 a kan kowace lamba, duka 37 din, ka kashe 37 ke nan, dole daya ta ci, za a ba ka 35 da dayanka, 36. Ina dayan ya tafi? Shi ne kason gida, 1 cikin 37, wato kashi 2.7 cikin dari. Ba magudi ba ne, ba a boye yake ba, a jikin faifan yake a gine. Rulet din Amurka kuma an kara masa gurbin 00, ya zama 38, amma biyan yana nan a 35 ba a kara ko kadan ba, sai ya zama 2 ke bacewa cikin 38, kashi 5.26 ke nan, kusan ninki biyu, wasa iri daya kwallo iri daya. A gidan nan na Amurkan ne na farko a jeri. Na Faransa mai dokar la partage, wanda in sifiri ta fito ake mayar maka da rabin kudinka idan a ja ko baki ka sa, kason gida ya sauka zuwa 1.35, shi sai da na neme shi da kyar, kuma mafi karancin abin da ake sawa a teburinsa ya fi na sauran. Abin dariyar shi ne faifan mai sifiri daya ma talla ce asalinsa, 'yan uwan nan biyu François da Louis Blanc ne suka fito da shi a Bad Homburg ta Jamus a 1843 don su janye 'yan caca daga gidajen da ke da sifiri biyu. Yau ga shi an koma tura mutane kan mai biyun.

Yanzu wani zai ce ai 2.7 ba komai ba ne, in na sa 100 an ci kasa da 3 meye a ciki. Nan ne fa mutane ke shiga rami. Kason ba a kan abin da ka zuba a asusu ake cirewa ba, a kan duk abin da ka juya ne, kuma kudin da ka ci ka sake sawa shi ma sabon juyi ne. Na zauna da agogo na kirga, a rulet din da kwamfuta ke juyawa ba tare da dila ba ina yin zagaye uku a minti daya ba tare da na yi gaggawa ba, 180 ke nan a awa. In kana sa 5 kowane zagaye, ka juya 900 a awa daya alhali 100 kawai ka shigo da shi. Kashi 2.7 na 900 ya kai 24, a na Amurka ya kai 47. Wato a na Amurkan a matsakaicin lissafi kusan rabin kudinka ya tafi a awa daya kana ganin kamar ana ci ana ba ka ne. Saurin wasan shi ne wukar, ba kason kadai ba.

Akwai wani allo a gefen teburin da ke nuna lambobin da suka fito a baya, har da wadanda suka kira masu zafi da masu sanyi. Wallahi wannan allon ado ne kawai, kwallo ba ta da tunani, ba ta san baki ya fito sau bakwai a jere ba. A gidan cacar Monte Carlo da ke kasar Monaco a watan Agusta na 1913 baki ya fito sau 26 a jere, mutane suka yi ta lafta kudi a kan ja suna cewa yanzu kam dole, har suka tsiyace. Ni ma na gwada dabarar nan ta ninkawa, in an ci ka ka ninka, in an sake ci ka sake ninkawa. Kwana biyu tana ba ni kananan riba har na fara jin kaina, ran na uku aka ci ni sau bakwai a jere, daga 1 na kai ga sa 64, na takwas sai na sa 128 don in dawo da ribar 1 tak, na duba asusu babu. Kuma ko da akwai, teburin yana da iyakar abin da za ka iya sawa, an riga an toshe wannan kofar. Faduwa goma a jere tana zuwa kamar sau daya cikin 780, ga wanda ke yin 180 a awa ai wannan ba nesa ba ne.

Bilakjak, wasan katin da ake neman kusantar maki 21 ba tare da an wuce ba, shi ne inda na fi bata lokaci, don shi ne wasan da in ka bi ka'idarsa daidai kason gida zai iya sauka zuwa wajen rabin kashi daya. Amma sai ka karanta rubutun da ke jikin tebur. Tsohuwar doka ita ce in katinka biyu na farko sun ba da 21 a biya ka 3 a kan 2, ka sa 10 ka ci 15. Tebura biyu cikin na gidan nan 6 a kan 5 suke biya, ka sa 10 ka ci 12. Ukun nan da ka raina, tunda irin wannan hannun yana zuwa kamar sau daya cikin 21, yana kara wa gida wajen kashi 1.4, ya ninka kasonsu kusan sau hudu, kuma teburan masu arha su ne masu wannan dokar, wato karamin dan wasa aka fi yanka. Sai inshorar da suke tayawa duk lokacin da dila ya nuna katin A, wato karin caca a kan cewa shi dilan ya samu 21, maballinta kato ne mai haske, kar ka taba ta. Masu tunanin kirga kati kuma su huta, na kwamfuta ana sake cakuda katin bayan kowane hannu.

Bakara dinsu, wasan katin da kake sa kudi a kan bangaren da kake ganin zai ci, lafiya lau, dokokin da aka sani ne: bangaren banki 1.06 bayan an cire la'adar kashi 5, bangaren dan wasa 1.24. Kunnen doki mai biyan ninki 8 kuwa kason gida ya haura kashi 14, a bar shi inda yake.

Silot kam, wato injinan nan masu juya hotuna kana fatan su jeru, su ne suka cika gidan, daruruwa. Kowane yana da abin da suke rubutawa RTP, wato kason da wasan ke mayarwa ga 'yan wasa in an hada miliyoyin juyi, ba a zamanka na yau ba. 96 na nufin gida na rike 4. Don ka gan shi sai ka shiga cikin wasan, ka danna dan karamin alamar tambaya, ka gangara har karshen bayani. Abin da ya ba ni haushi, akwai wasan da na sani a wani wuri yana kan 96 da 'yan kai, a nan na tarar da shi a 94, ashe masu kera wasannin sukan fitar da wasa daya da mataki daban daban, gida ya zabi wanda yake so. Daga 4 zuwa 6 karin rabi ne fa. Sannan ga wata dabara, ka sa 10 ka samu 4, sai kida ya tashi allo ya hau walkiya ana taya ka murna, alhali 6 aka ci ka. Hukumar caca ta Birtaniya ta hana irin wannan murnar karyar tun Oktoban 2021, ta hana juyi mai sarrafa kansa, ta kuma ce kada juyi daya ya gaza dakika biyu da rabi. A gidan nan duka ukun suna nan daram, har da maballin kara sauri. Wasan jirgin nan da ke tashi kana cire kudi kafin ya bace shi ma 97 aka rubuta, ma'ana damar ya kai ninki biyu kashi 48.5 ce, ba 50 ba, duk kwarewarka wajen danna maballi ba ta canza wannan, masu sayar da "sigina", wato hasashen lokacin da jirgin zai bace, kuma su suka san inda suke samo nasu.

Bonas dinsu na maraba shi ne babban tarkon. Ka sa 100 su kara maka 100, dadi ko? Sharadin shi ne sai ka juya bonas din sau 35 kafin ka cire, 3,500 ke nan. A silot mai rike kashi 4, juya 3,500 yana cin 140 a matsakaici, kyautar 100 ce, ka ga an ba ka da dama an karbe da hagu har da kari. Ka ce to bari in cika sharadin a bilakjak mai sauki, sun riga ka, kashi 10 kawai na abin da ka sa a can ake kirgawa, sai ka juya 35,000. Can cikin sharudda kuma akwai layin da ya ce in ka sa fiye da 5 a juyi daya kana kan bonas za su iya soke duk abin da ka ci, kuma wasan ba zai hana ka sawa ba, ba zai ma gargade ka ba, sai ran cirewa ka ji labari. Ni dai na ki karbar bonas din, akwai wurin kin karba amma an riga an saka maka alamar amincewa sai ka cire da kanka.

Lasisinsu na tsibirin Curaçao ne da ke yankin Karibiyan, ba na Malta ko Birtaniya ba inda ka'idoji suka fi tsauri. A kasan shafi akwai tambarin wani kamfanin gwajin wasanni, na danna shi, hoto ne kawai ba ya kai ka ko'ina, alhali na gaske ya kamata ya bude maka takardar shaida. Wurin sa wa kai iyakar kudi yana nan kuma yana aiki, na gwada, sai dai yana can cikin saitin asusu mataki hudu.

Zuba kudi dakika goma ne, ba su tambaye ni ko wane ne ni ba. Da na zo cire dan abin da ya rage sai ga bukatar katin shaida, da hotona rike da katin, da takardar adireshi, suka mayar da hoton farko wai gefe daya bai fito ba. Kwana hudu kudin yana "ana dubawa", kuma duk tsawon kwanakin akwai wani koren maballi a gaban asusuna da ke cewa in soke cirewar in ci gaba da wasa, irin wanda shi ma an hana shi a Birtaniya. Sun biya dai a karshe, cif cif, wannan ba zan yi musu karya ba. In maki ne zan ba su biyu cikin biyar, dayan na saurin shafi, dayan na teburin Faransan nan da suka boye. Washegarin da kudin ya shigo sai ga sakonsu wai sun yi kewata, ga juyi 50 kyauta, sharadi sau 40.