Mai suna ko mara suna, wacce lambar yaƙi za ka saya?

In aka ajiye min lambobin yabo na sojan Ingila guda biyu, ta yaƙin duniya na ɗaya da ta na biyu, wallahi ta farkon zan fara ɗauka. British War Medal ta 1914 zuwa 1920 azurfa ce, kuma an buga sunan sojan da lambarsa ta aiki da rundunarsa a bakinta, kaga kana iya zuwa ka duba katin rajistar lambobin yabonsa a National Archives, ma'ajiyar tarihi ta Ingila da ke Kew a Landan, ka tabbatar mutumin ya yi zamani. Amma fa ka ƙura wa bakin ido sosai, in wani gefe ya fi siriri toh an kankare sunan asali ne an rubuta wani, harufan ma za ka ga sassaƙa su aka yi ba bugawa ba.

Ita kuwa ta yaƙi na biyu irin su Burma Star da aka ba waɗanda suka yi yaƙin Burma, gwamnatin Ingila ba suna ta raba su, shi yasa jabu ya cika kasuwa, sai dai ka dogara da nauyi da kyan zane da takardun da suka biyo ta. Tana da sauƙin kuɗi dai. Kuma don Allah kowacce ka samu kar ka goge ta, duhun nan na tsufa masu saye suna son ganinsa.