Cire Turmin Haƙori da Ya Maƙale: Asibitin Koyarwa ko Asibitin Kuɗi?

Malama, kin tambaya ko ƙaninki ya ci gaba da jiran ranar da asibitin koyarwa ya ba shi domin a cire masa turmin ƙarshe da ya maƙale a cikin ƙashi, ko kuwa ku tafi asibitin kuɗi a gama da wuri. Amsar ta rataya ne a kan irin aikin da haƙorin yake bukata.

Asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, yana da sashen tiyatar baki da muƙamuƙi, kuma kuɗinsa ya fi sauƙi. Jiran da ake yi ba raini ba ne. Aikin da sai an sa mutum barci yana bukatar ɗakin tiyata da likitan barci da gadon kwanciya, waɗanda sauran sassa ma suke layi a kansu, sannan wanda aka kawo da karayar muƙamuƙi daga haɗarin babur dole a gabatar da shi. Yajin aiki ma yakan tura ranakun gaba, kamar wanda likitoci masu neman ƙwarewa suka yi na kusan wata biyu a 2021.

A asibitin kuɗi kuwa, sau da yawa a kan kujera ake gamawa da allurar kashe zafi, cikin 'yan kwanaki da zuwanku. Sai dai da tsada, kuma ba kowanne ne yake da ƙwararren likitan tiyata ko na'urar ɗaukar hoton muƙamuƙi gaba ɗaya ba. Wannan hoton yana da muhimmanci, domin saiwar turmin ƙasa takan kusanci jijiyar da take ba leɓe ji, kuma idan aka taɓa ta leɓen yakan daɗe a mace.

Game da gamsuwa, a ganina rashin bayani ya fi tsawon jira cin rai. Na taɓa raka wata 'yar'uwata da ta kwana ba ci ba sha saboda tiyata, muka zauna a benci tun safe, sai bayan azahar aka ce an ɗage. Ba ɗagewar ce ta sa ta kuka ba, rashin wanda zai faɗa mata dalili ne. Saboda haka ku tambayi ranar aiki, da wanda zai yi shi, da jimillar kuɗi, a duk inda kuka zaɓa.

Idan ƙanin naki yana da sikila, ciwon suga, ko yana shan maganin tsinka jini, ni dai asibitin koyarwa zan ba ku shawara. Idan kuwa kumburi ya gangaro wuya, ko haɗiyar yawu da buɗe baki suka gagara, ko zazzaɓi ya shigo, kada ku jira wata rana. Ku kai shi sashen gaggawa nan take.